Yaron da ke son ƙera rana a cikin kwalba

A ƴan shekarun nan, tambayar da iyaye suka fi kawo mini daga wayar salula take fitowa. Yaro ya kalli wani bidiyo, ya ce sai ya ƙera irin abin da ya gani, uban kuma ya rasa abin yi: ya ba shi kuɗin kaya ne, ko ya ƙwace wayar ya kora shi gona? Da farko jirgin sama na gwangwani ake yayi. Daga nan aka koma janareta da ba ya shan mai. Yanzu abin ya kai ga nukiliya. Na daɗe ina koyar da fizik a koleji da lise, wani lokaci a gundumar Tasawa, wani lokaci a ta Mayahi, kuma a bara kaɗai yara biyu da ba su san juna ba sun nuna mini bidiyo iri ɗaya: wata kwalba mai kauri, a tsakiyarta wani haske mai ruwan shuni yana ci, an rubuta cewa wani yaro ɗan Amurka ne ya haɗa tauraro a ɗakinsa. Tambayarsu ɗaya ce: Mushe, gaskiya ne? Mu ma za mu iya?

Amsar ta farko ita ce i, gaskiya ne, an yi. Ta biyun ce take buƙatar zama, don ni a ganina malamin da ya ce wa yaro "ƙarya ce irin ta Turawa" da malamin da ya ce masa "je ka yi, Allah ya ba da sa'a" duk sun bar shi a inda suka same shi.

Kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwaya kuma tana da cibiya, inda kusan duk nauyinta yake. Hanya biyu ce ake tatsar ƙarfi daga cibiyar nan. Ko a tsaga babba, kamar ta yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit tun 1971, ko a haɗa ƙanana biyu su zama ɗaya. Ta biyun ce aikin rana: a tsakiyarta, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, cibiyoyin haidurojin suna haɗewa suna zama hiliyom, kusan tan miliyan 600 a kowace daƙiƙa. Wahalar ita ce cibiyoyin nan ba sa son juna. Duk yaron da ya taɓa matsa maganaɗisu biyu ta fuska ɗaya ya san yadda suke tunkuɗe juna. Sai an jefo su da gudu na fitar hankali kafin su kusanci juna har su manne.

Na'urar da ke jefa su ɗin ita ce nake kira wa ɗalibaina majajjawar zarra, don majajjawar korar tsuntsaye a gonar gero ita ce mafi kusa da ita: a juya dutse, a juya, gudunsa yana ƙaruwa, sannan a sake shi. Wadda Ernest Lawrence da ɗalibinsa suka gwada a Kalifoniya a 1931 ba ta wuce faɗin tafin hannu ba sosai. A 1932 Cockcroft da Walton suka yi amfani da tasu a Kambirij ta Ingila suka fasa cibiyar litiyom. A 1934, a wannan ɗakin bincike dai, Oliphant da Harteck da Rutherford suka harba diteriyom, wato haidurojin mai nauyi, kan diteriyom, cibiyoyin suka haɗe. Ashe ke nan haɗewar nukiliya ta farko da ɗan Adam ya yi da hannunsa, a cikin ɗaki aka yi ta, da na'urar da mutane ƙalilan suka harhaɗa. Babbar majajjawar CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan, mai zagayen kilomita 27, jikanyar waɗannan ce.

Abin da ke ba ɗalibaina dariya shi ne idan na ce musu akwai majajjawar zarra a kasuwar Tasawa. Ku leƙa rumfar mai gyaran rediyo, ku dubi tsofaffin talabijin masu ƙaton ƙeya da aka jibge a lungu tun da masu falle suka shigo. Kowace ɗaya majajjawa ce. A bayan kwalbarta akwai wata ƴar waya mai zafi da ke sakin ilaktiron, wutar da ta kai bolt 25,000 tana fizgarsu zuwa gaba da gudun da ya kai kusan kilomita 90,000 a daƙiƙa, su bugi gilashin, hoto ya fito. Shekara da shekaru muna kallon kokawar gargajiya a gaban na'urar fizik ba mu sani ba.

Kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙago talabijin ɗin, Philo Farnsworth, shi ne ya ƙago abin da yaran nan suka gani a bidiyo, a shekarun 1960, Robert Hirsch ya gyara fasalinsa. Ana kiransa fiyuso. Tukunya ce da aka zuƙe wa iska, aka sa mata ɗan diteriyom, a tsakiyarta akwai wani ƙwallon waya da aka ɗora wa wuta mai ƙarfi. Cibiyoyin suna rugawa tsakiya daga kowace kusurwa, jefi-jefi biyu su yi karo su haɗe, wata ƙwaya da ake kira nutiron ta fita. Taylor Wilson ya yi hakan a 2008 yana da shekara 14. Jackson Oswalt na garin Memfis ya yi a Janairun 2018, ana saura sa'o'i ya cika 13, littafin Guinness ya amince masa.

Bidiyon yakan tsaya nan. Ba ya faɗin cewa Wilson a ginin sashen fizik na Jami'ar Nebada da ke Reno ya ƙarasa aikinsa, farfesoshi da masu kula da kayan aiki suna tsaye a kansa. Ba ya faɗin cewa iyayen Oswalt sun kashe abin da ya kusa dalar Amurka 10,000, wajen sefa miliyan shida ke nan (na ce dalar Amurka, kada wani ɗan Mayahi ya lissafa da dalarmu ta tamma biyar). Mafi muhimmanci, ba ya yin lissafin abin da ya shiga da abin da ya fito.

Bari mu yi shi, don ba shi da wuya. Fiyuso mai kyau na ɗan koyo yana cin wuta kamar wat 400, yana fitar da nutiron kamar miliyan ɗaya a daƙiƙa. Miliyan ɗaya a baki abu ne mai yawa. Amma kowace haɗewa ƙarfin da take bayarwa ɗan mitsitsi ne, idan aka tara su duka, abin da ake samu ya ɗan ɗara kashi ɗaya cikin miliyan na wat ɗaya. Batirin wayar salula yana ɗaukar kamar jul 54,000. Raba wannan da wancan: kafin fiyuso ya cika waya ɗaya da ƙarfin nukiliyarsa, sai ya yi fiye da shekara 1,000 yana aiki dare da rana, yana shan wat 400 ɗinsa ba hutu. Mai cajin waya na bakin tasha da fanno ɗaya da batirin mota ya fi shi nesa ba kusa ba.

Wannan hasarar ba ta rashin gwaninta ba ce, a cikin ƙirar take. Cibiya ƙanƙanuwa ce ainun idan aka gwada ta da filin da ke kewaye da ita. Yawancin waɗanda aka harba suna goce wa juna, ko su faɗa kan ƙwallon wayar su mai da shi ja wur, ƙarfinsu ya bi zafi. Kamar mutum biyu ne a duhu, ɗaya a wannan gaɓar Gulbin Kaba ɗaya a waccan, kowa yana watsa tsabar gero yana fatan ƙwaya ta ci karo da ƙwaya a sama. Rutherford da kansa ya faɗa a 1933 cewa mai jiran wutar lantarki daga irin wannan harbin mafarki yake yi. Tsagewar yuraniyom da aka gano a ƙarshen 1938 ta nuna cewa akwai wata ƙofa da bai hango ba, amma game da majajjawa har yau maganarsa tana nan. Manyan ƙasashe ma suna ta fama. A ranar 5 ga Disamba 2022, a ɗakin bincike na Livermore a Amurka, aka haska wa wani ɗan ƙwallon mai da bai kai ƙwayar wake ba hasken leza 192, megajul 2.05 ya shiga, megajul 3.15 ya fito, duniya ta ɗauka. Abin da ya fito ɗin nan zai tafasa ruwa kamar lita goma, alhali na'urorin sun zuƙi wajen megajul 300 daga layin lantarki kafin su yi harbin. ITER kuwa, wadda Tarayyar Turai da Amurka da Sin da Rasha da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu suka haɗa kuɗi suna ginawa a kudancin Faransa, a 2024 aka ɗage gwajinta na ainihi zuwa 2039.

To, a Mayahi fa? A ce yaro ya yarda ba wuta yake nema ba, gani kawai yake so ya yi. Yana buƙatar famfon da zai zuƙe iska har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari ba, injin firij ɗin da yara ke ciro wa a bola ba ya ko kusantar haka. Yana buƙatar diteriyom, wanda yake cikin ruwan rijiyar gidansu, ƙwaya ɗaya cikin kowace haidurojin 6,400, amma ware shi aikin masana'anta ne. Yana buƙatar ma'aunin nutiron, wanda shi kaɗai zai iya lashe kuɗin amfanin gonar shekara. Yana buƙatar kuran da ba ya rawa, mu kuwa da muka dogara da layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa mun san abin da muka gani daga Agustan 2023 lokacin da aka yanke shi. Ba na cewa har abada ba za a yi ba. Ina cewa a tsakar gida, a yau, da kuɗin aljihun uba, ba za a kai ga nutiron ba.

Abin da za a iya kaiwa gare shi shi ne rabin hanya, kuma rabin hanyar ce ke hana ni barci. Ɓangaren wuta mai ƙarfi shi ne mafi sauƙin samu, don yana nan a bola. Kwalbar tsohuwar talabijin tana riƙe da caji ko bayan an zare ta daga soket, kuma idan ta fashe, cikin ta take rushewa ta watso gilashi mai darma. Taransifomar na'urar ɗumama abinci, wadda bidiyoyi da yawa ke nuna yadda ake cirewa, tana ba da bolt 2,000 da ƙarfin da ke kashe mutum a taɓawa ɗaya, ta kuma kashe manya da yawa a ƙasashen da motar asibiti ke zuwa cikin minti goma. Sannan duk inda ilaktiron mai gudu ya bugi ƙarfe a bolt dubu talatin ko arba'in, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi yana fita. Ba a ganinsa, ba a jin zafinsa a take, yaro kuwa fuskarsa zai manna wa gilashin don ya ga shunin. Masu son labarin yaran Amurka su haɗa da na David Hahn na jihar Mishigan, wanda yana ɗan shekara 17 ya tara abubuwa masu tururin nukiliya a rumfar bayan gidan uwarsa, har a 1995 hukumar kare muhalli ta zo da mutane cikin rigunan kariya suka kwashe rumfar ɗungurungum suka binne a matsayin shara mai guba.

Uban ɗaya daga cikin yaran nan biyu, ɗan kasuwa ne mai sayar da taki, ya same ni a ƙofar lakwal bayan an tashi.

"Mushe, yaronka ya ishe ni. Jika hamsin yake nema. In abin kirki ne in ba shi."

Na ce, "Alhaji, kada ka ba shi don wannan. Amma kada ka ce masa shirme ne, don ba shirme ba ne. Kuma ka hana shi buɗe bayan talabijin ko da wasa."

Ya ce, "To ai a Facebook na ga wani yaro ya yi injin da ba ya shan mai, har manya sun je sun ɗauki hoto da shi."

A nan ne nake ganin laifinmu mu manya, a Nijar da Najeriya baki ɗaya. Mun iya tafi. Yaro ya haɗa mota da dinamo da bel, ya ce injin yana ciyar da kansa har ya kunna ƙwan fitila, sai a taru a ɗauki bidiyo, a ce ga hazaƙa gwamnati ta yi watsi da ita. Ba wanda zai ce: ɗana, cire batirin nan mu gani, mu dawo bayan awa uku. Injin da ke ba da fiye da abin da ya ci babu shi, wannan darasin aji na koleji ne, kuma a cikin masu tafin akwai waɗanda suka ci jarrabawa a kansa. Yaron ba maƙaryaci ba ne galibi. Hannunsa yana da kyau, ya iya walda, ya iya naɗa waya, ya yi abin da yawancin masu digiri ba za su iya ba. Abin da aka hana shi shi ne mutum ɗaya da zai auna. Yakan shekara biyar yana jiran mai kuɗin da zai ɗauki nauyin abin da ba zai taɓa aiki ba, shekarun da da ya yi su a hannun ƙwararren mai haɗa sola, da yanzu yana da shagonsa.

Abin da ya fi burge ni a wajen masu fiyuso na gaskiya shi ne tsananinsu a kan wannan. A tsakaninsu hasken shunin nan ba hujja ba ce, don kowace iska da aka rage aka sa wa wuta tana yin haske, haka doguwar fitilar neyon take aiki. Wanda ya ce ya haɗa cibiyoyi sai ya nuna ƙidayar nutiron, ya nuna abin da ma'aunin ya karanta na'ura tana kashe, da abin da ya karanta tana kunne, ya cire abin da ke rage wa nutiron gudu a gani ko ƙidayar ta faɗi. Yaro ɗan shekara 12 ya bi ta wannan tankaɗen kafin a yarda da shi. Wannan ɗabi'ar ce kaɗai daga cikin kayan aikinsu ba a biya mata kuɗin kwastan.

Kuma mu mutanen Tasawa bai kamata a koya mana ita daga Memfis ba. A garin nan aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a ranar 26 ga Yuni 1929. Ya bi ta makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Faransa, a 1956 ya ci jarrabawar agiregasiyo ta kimiyyar fizik, wadda kafinsa babu wani baƙar fata daga ƙasashen Afirka rainon Faransa da ya ci ta. Mutumin da ya san cibiyar zarra ciki da bai ne, daga ƙasar da aka gano yuraniyom a cikinta, a zamanin da kowa ke rawar nukiliya. Sai ya ɗaga kai sama. Ya kafa ɗakin binciken hasken rana a Bamako, ya dawo gida a 1969 ya shugabanci ONERSOL a Yamai, inda aka riƙa ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da na tace ruwa, duk da rana, da ƙarfe da gilashi da hannun maƙeran ƙasa. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, jami'ar kuma sunansa take ɗauke da shi yau. Littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu. Na sha tambayar ɗaliban lise a Tasawa ina aka haife shi, su ce Yamai ko Doso.

Tukunyar haɗewar nukiliya da ITER ke son kwaikwaya tana rataye a kanmu, nisan kilomita miliyan 150, haskenta yana iso mu cikin minti takwas da ɗoriya, da tsakar rana tana zuba kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita na tudun Mayahi. Don haka abin da nake ba yaron da ya zo da bidiyon kwalba shi ne faranti mai zurfi da aka shafa wa baƙin fenti, da lita ɗaya ta ruwa, da ma'aunin zafi, da agogon wayarsa. Ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin jul 4,180. Ya rufe da farar leda, ya ajiye a rana, ya rubuta zafin kowane minti biyu. Wata ƴar ajin brebe ta samu digiri biyu a minti goma, ta raba jul 8,360 da daƙiƙa 600, ta samu kusan wat 14. Na rubuta mata kashi ɗaya cikin miliyan na wat a gefe, na ce ta gwada. Ta daɗe tana ƙirga sifili, sannan ta ce, "Mushe, ke nan farantina ya fi na Ba'amurken sau miliyan goma?" Na ce ya fi, kuma ƙarfin da ya shiga ruwanta daga haɗewar nukiliya ya fito. Washegari ta dawo da ƙorafi cewa ta sake yi da yamma lissafin bai yi daidai da na jiya ba, tana so ta san dalili. Ban ba ta amsa ba, na ce ta auna inuwar sanda a lokutan biyu.

Wanda ya nace sai ƙwayar zarra, akwai hanya, doguwa ce kawai. Bak ta kimiyya, sannan Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi ko ta Abdou Moumouni a Yamai, inda akwai cibiyar nazarin radiyo-izotof. A Zariya, tafiyar yini daga nan, Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004. A irin waɗannan wurare ana shiga da ma'aunin tururi a maƙale a ƙirji, akwai kuma wanda aikinsa ke nan ya ce maka tsaya.

Kafin nan, akwai majajjawa ɗaya da nake yarda a gina a aji, a gabana. A 1929, shekarar da aka haifi Abdou Moumouni, wani matashi Robert Van de Graaff ya haɗa gwangwani da ƙyallen siliki da ƙaramar mota a Jami'ar Firinston, ya samu bolt 80,000, daga baya aka gina manyan irinta ana harba ƙwayoyin zarra da su. Bel ne ke zagayawa yana kwasar caji yana tarawa a kan ƙwallon ƙarfe. Ƙaramar irinta bolt ɗinta da yawa, amma abin da ke gudana kaɗan ne ƙwarai, iyakarta ta tsikari yatsa ta tayar da gashin kai, muddin ba a haɗa ta da kuran ɗin gida ko kondansa ba. Tamu da bututun roba muka yi ta, da bel daga tsohon tib na babur, da motar wata matacciyar rediyo mai kaset, da kwanon silba biyu da aka kifa wa juna. Yara suna auna ƙarfinta da rula: tartsatsi yana tsallaka santimita ɗaya na busasshiyar iska da kamar bolt 30,000.

A nan kuma mun fi Turawa sa'a. Abokin gabar wannan na'ura shi ne laima, malamansu har na'urar busar da gashi suke hura mata kafin darasi. Mu hunturu yana yi mana aikin kyauta, lokacin da bargo ke tartsatsi da dare, hannun ƙofar mota yana cizo. Malamin da ke son gwadawa ya sa darasin tsakanin Disamba da Fabrairu, ya rufe tagogi saboda ƙura, ya goge kwanon tas. Da iskar damina ta fara kaɗawa a watan Mayu, ko a juya bel ɗin har hannu ya gaji ba za a ga tartsatsi ko ɗaya ba, sai a naɗe ta a leda a ɗora kan kabad sai baɗi.